Wa ya taɓa buɗe shiga da root kai tsaye a Ubuntu?

Malamin Kwamfuta: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, ne a kan injunan da nake koyar da yara. Wallahi sudo, umarnin da ke ara wa mutum ikon mai gudanar da inji, ya ishe ni, ko ina na taɓa sai ya nemi kalmar sirri. Na sa wa root, wato babban asusun da ke da iko a kan komai na injin, tasa kalmar da `sudo passwd root`, amma allon shiga ya ƙi karɓa. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. GDM, wato manhajar allon shiga, ne ya tare maka ƙofa. Buɗe `/etc/pam.d/gdm-password`, akwai layin da ke ɗauke da `user != root`, ka sa masa # a farko don ya daina aiki, ka sake kunna injin. Root ba zai fito a jerin sunaye ba, da hannu za ka rubuta shi. Ni na yi, na shiga lafiya lau. Sai VLC ya ce shi ba ya aiki da root. Chrome ma ya tubure, sai an ƙara masa `--no-sandbox`, wato a cire katangar da ke tsakanin shafukan intanet da cikin injin. Ban daɗe ba na koma asusuna.

Mai Saba: Ni ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, na ga illar buɗe root. Wani ya kawo mini sabarsa ya ce ta yi nauyi. Ina dubawa na tarar an sa `PermitRootLogin yes`, wato an bar root ya shiga daga nesa, kalmar sirrin kuma gajeruwa. Da na leƙa `/var/log/auth.log`, layi kan layi, adireshi daga ƙasashe daban-daban suna ta gwada root dare da rana. Sunan da kowa ya sani ne, kalmar kawai suke nema. Tun OpenSSH 7.0 a 2015 saitin asali ya hana root shiga da kalmar sirri sai da makullin SSH, haka na mayar masa.

Ƙanin Kowa: Yaya, to ai Kali Linux da root ake shiga, kalmar toor.

Mai Saba: Da kenan, ƙanena. Tun fitowar 2020.1 suka daina.

Hajiya Mai Kafe: A Windows muna yin irinsa idan asusu ya lalace: `net user administrator /active:yes`, a gyara, a rufe da `no`. Amma Malam, yara ka ce fa! Ɗaya ya goge abin da bai sani ba a matsayin root, babu mai tambayarsa. Buga `sudo -i` sau ɗaya, tagar nan ta zama ta root har ka rufe ta. Shi ma sudo na Ubuntu yana riƙe kalmar minti 15.

Malamin Kwamfuta: Na gode, Hajiya, na gwada ya yi. Yanzu yaya zan kulle root ɗin da na buɗe?

Ɗan Zariya: `sudo passwd -l root`. Idan ka riga ka sa # ɗin nan, ka cire shi.