Wace waya ce ta fi fitar da hoto a PS2 da Mega Drive 2?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum. PS2 gare ni mai cif (ɗan abin da ake sa mata don ta karɓi kaset na ko'ina), da Sega Mega Drive 2 ta Turai, sai talabijin filasma mai inci 43. Da wayar AV nake jona su, mai kai uku ɗin nan, rawaya da fari da ja. Hoton dishi-dishi ne, sunayen 'yan ƙwallo a PES da ƙyar ake karanta su, wasu kaset ɗin kuma baƙi da fari suke fitowa. A kasuwa an nuna mini mai kai biyar, da wani ɗan akwati mai mayar da AV zuwa HDMI. Wanne zan saya? Bayan talabijin ɗin akwai HDMI biyu, da ramuka biyar masu kala.

Injiniyan_Allo:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tunda kana da ramuka biyar ɗin nan, zancen PS2 ya ƙare: mai kai biyar za ka saya, wato kwamfonen. Akwatin nan kuma bar musu kayansu.

Wayar AV haske da launi da siginar daidaita hoto duk a layi ɗaya take cusa su, sai talabijin ta zo tana ƙoƙarin rabawa, kuma ba ta taɓa raba su tas. Shi ne ja yake zubowa kan fari, gefen rubutu yana ɗan rarrafe kamar tururuwa. Wata wayar da ake kira S-Video ta raba haske da launi layi biyu, shi ya sa ta fi ta nesa ba kusa ba. Kwamfonen layi uku ne na hoto: kore na ɗauke da haske da daidaito, shuɗi da ja na ɗauke da launi. Sauran biyun, fari da ja, na sauti ne. A nan mutane ke ruɗewa, ja biyu ne. Wanda ke haɗe da fari shi ne na sauti. Ka musanya su, hoto ya rasa ja gaba ɗaya, lasifika kuma ta kama ƙugi.

Baƙi da farin da kake gani ba laifin kaset ba ne. Kaset ɗin NTSC ne, wato tsarin hoton Amurka ko Japan, launinsa na hawa a kan 3.58 MHz, talabijin ɗinmu na PAL kuma 4.43 suke jira. A kwamfonen da RGB (mai tura ja da kore da shuɗi kowanne a layinsa) babu wannan lissafin sam, don haka launi zai dawo da kansa.

Kafin ka zare wayar AV, shiga System Configuration, ka nemi Component Video Out, ka ɗauke shi daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. In ka manta, allo baƙi za ka gani ko hoto mai gurɓataccen launi, har ka ɗauka wayar ce ta mutu. Ana iya yi a makance ma: kunna ba kaset a ciki, jira menu ya tsaya, sai ka danna ƙasa, X, ƙasa sau uku, X, dama, X.

Yawancin wasannin PS2 a 480i ko 576i suke fita, wato rabin layukan hoto ake nunawa sannan ɗaya rabin, shi ke sa layuka rawa. Kaɗan ne ke da 480p mai nuna layukan duka a lokaci ɗaya, wasu a cikin saitin wasan, wasu sai ka riƙe X da alwatika lokacin da yake tashi. Inda ka samu ka kunna, don rawar nan ta layuka takan ɗauke. Wayar AV ba ta ɗaukar 480p ko kaɗan.

Gargaɗi ɗaya: kaset ɗin PS1 a cikin PS2 galibi 240p yake fitarwa, wato hoto mai layuka kaɗan, kuma filasma da yawa ba sa gane 240p ta ramin kwamfonen. Sai ta ce babu sigina alhali komai lafiya lau.

Ɗan_Fagge:

Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. To wayar za ta shiga Sega ɗin ita ma?

Injiniyan_Allo:

A'a, bakinsu ba ɗaya ba ne, kuma Mega Drive ba ta fitar da kwamfonen. Ko S-Video ba ta da ita sai an yi mata aiki a ciki. Abin da take da shi mai kyau RGB ne, ta wayar SCART mai faffaɗan kai. Malam na Damagaram ya fi ni sanin cikin wayar, bari ya shigo.

MaiGyara_Damagaram:

Sannunku. Mu nan Péritel muke ce mata, don Faransa ce ta ƙirƙiro ta, kuma a 1980 doka ta tilasta sa raminta a talabijin ɗin da ake sayarwa can, ko da yake an soke dokar daga baya. Shi ya sa tsofaffin talabijin na gwanjo da suka fito daga Turai kusan duk suna da faffaɗan ramin nan mai fil 21.

Fara da duba bakin injin. Mega Drive ta farko rami babba gare ta mai fil 8, sautinta ta nan kuma mono ne, sitiriyo sai ta ramin iyafis na gaba. Ta biyu, irin taka, ƙaramin rami ne mai fil 9. Wayar ɗaya ba ta shiga ɗaya.

Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, SCART siffar baki ce kawai. Ana iya sayar maka da waya mai kan SCART amma AV ce zalla a ciki. Buɗe murfin kan, zoben baya kawai za ka warware, ka duba inda aka yi lida. RGB ta gaskiya sai ka ga waya a fil 15 na ja, 11 na kore, 7 na shuɗi, 20 na daidaito, sannan 2 da 6 na sauti. In 20 da 2 da 6 kaɗai ka gani, mayar musu. Fil 16 kuma shi ke gaya wa talabijin ta koma RGB, yana son wuta tsakanin volt 1 zuwa 3. Ana samun hakan da rasista mai ohm 180 daga layin volt 5 na injin. In babu shi, wayar na iya zama cikakkiya amma talabijin ta ci gaba da nuna AV, kai kuma kana mamakin me ya sa ba ka ga bambanci ba.

Ta Mega Drive dole kowane layin launi ya bi ta rasista mai ohm 75 da kafasita mai 220µF a jere, domin Sega ba ta sa su a cikin injin ba. Babu su, hoto ya yi haske fiye da kima, fari ya cinye komai. In wayar daga fil ɗin daidaito zalla ta ɗauko sigina, ta kai kusan volt 5, to a sa mata rasista mai ohm 470, in ba haka ba a hankali za ta gajiyar da abin da aka jona.

Kuma kada a ga baki ya shiga a ce an dace. Injinan Nintendo, SNES da N64 da GameCube, bakinsu ɗaya, cikin wayar daban. SNES ta Amurka kafasita take so a waya, ta Turai rasista mai ohm 75 zuwa ƙasa. Sa wa ta Turai waya mai kafasita, hoto ya fito na ɗan lokaci sannan ya dushe ya koma baƙi. N64 ba ta da RGB, S-Video ce iyakarta. GameCube ta Turai na da RGB ba S-Video, ta Amurka akasin haka.

Sai ingancin wayar kanta. Mai kyau kowane layin hoto da ragar ƙarfensa daban, shi ya sa take da kauri da ɗan tauri. Siririya mai laushi layukan a kwance suke jikin juna. Gwajin ba wuya: jira allo ya yi fari fat, ka ƙara murya. In ka ji zzzz yana tashi da farin yana sauka da duhu, hoto ne ke yoyo cikin sauti. Kada tsawonta ya wuce mita 2 in ba dole ba. Masu kai da yawa ɗin nan, waya ɗaya ta PS2 da Wii da Xbox, ko mai S-Video da rawaya tare, a guje su. Da yawa siginar AV suke turawa cikin layin S-Video, sai hoto ya fito da zane kamar allon dara.

Hajiya_16bit:

Duk abin da suka faɗa haka ne, amma ƙanena talabijin ɗinsa ba ta da SCART, don haka waya kaɗai ba za ta fisshe shi ba. Kuma a injinan kafin PS2, abin da ke tsakanin waya da talabijin ya fi wayar muhimmanci.

Mega Drive da SNES da PS1 240p suke bayarwa, ko 288p a na Turai: cikakken hoto ne mai layuka kaɗan, sau 60 ko 50 a daƙiƙa. Filasma da ƙananan akwatunan nan masu araha suna ɗaukarsa a matsayin 480i, sai su riƙa haɗa hoto biyu wuri guda. Duk abin da ke motsi sai gefensa ya yi haƙora kamar matsefi, ɗan wasan da ya kamata ya riƙa ƙiftawa in an buge shi sai ya ɓace ko ya tsaya cak. Ga jinkiri. Hoto ɗaya a 50Hz milisakan 20 ne, akwatin ya riƙe huɗu, ka danna tsalle Sonic ya riga ya faɗa rami. Na SCART zuwa HDMI masu arha ma ciwon ɗaya ne, wasunsu ko RGB ɗin ba sa karantawa.

Akwatunan da aka yi don gem su ne irin OSSC da RetroTINK. OSSC layi-layi yake ninkawa, jinkirinsa bai kai a ji ba, yana karɓar SCART da kwamfonen da VGA, amma ba ya karɓar AV ko S-Video. RetroTINK 5X na karɓar AV da S-Video da kwamfonen da SCART, kuma ya fi iya gyara 480i na PS2, sai dai kuɗinsa ya fi na injinan biyu a haɗe. Akwai kuma wayar HD Retrovision mai juya RGB na Sega zuwa kwamfonen a cikinta, amma tana dogara ne da ko talabijin ɗinka na gane 240p. Ka gwada da kaset ɗin PS1 a PS2 tukuna, in ya nuna ta kwamfonen to akwai alamar za ta yi.

Ni a ganina, in kuɗi ne matsala, ka nemi tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, inci 14 ko 21, mai ramin SCART. Don ita aka zana wasannin nan. Babu jinkiri, bindigar gem ma a kanta kaɗai take aiki. In ramin SCART biyu ne gwada AV1, galibi shi ke da RGB.

Kuma kada a yi wa AV rashin adalci a Sega. Masu zanen sun san za ta dama launuka, sai suka riƙa jera ɗigo da layuka a tsaye da gangan. Ruwan da ke zubowa a Green Hill ta AV kamar gilashi yake, ana hango bayansa, ta RGB kuwa sanduna ne tsaye ƙiri-ƙiri.

Injiniyan_Allo:

Hajiya ta gama magana. Abu biyu zan ƙara. A filasma ka kunna Game Mode a kan ramin da kake amfani da shi, don kowane rami saitinsa daban, ka mayar da faɗin hoto 4:3, ka rage Sharpness sosai. Sannan a talabijin da yawa ramin kore na kwamfonen shi ne kuma na rawaya. In ka jona rawayar Sega a nan amma ka bar shi a Component, baƙi da fari za ka gani, sai ka koma AV a rimot.

Ɗan_Fagge:

Madalla, Allah ya saka da alheri. Zan fara da mai kai biyar, in gwada kaset ɗin PS1 kamar yadda Hajiya ta ce. Malam na Damagaram, kafasitan nan 220µF, wane ɓangare ne ke kallon injin?

MaiGyara_Damagaram:

Ƙafar mai alamar + ita ke kallon injin, mai ratsin − tana kallon talabijin. Mai volt 10 ko 16 ta isa, kuma ƙanana za ka nema don guda ukun su shige cikin kan SCART ɗin murfi ya rufu.