Shawarwari a zaure: zaman natsuwa na Zen da gajiyar wurin aiki

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. A kan kanta nake aiki a banki. Daga buɗe ƙofa har la'asar layi ba ya yankewa, wannan yana faɗa kuɗinsa sun maƙale, wancan yana buga tebur. In koma gida kaina na sarawa, in kwanta barci ya ƙi zuwa, lissafin rana nake ta maimaitawa. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada zaman natsuwa irin na 'yan Japan da ake kira Zen. Akwai wanda ya san shi? Kuma ba ya taɓa addini?

Yayan Khalifa:
Wa alaikumus salam Anti, sannu da ƙoƙari. Karatu nake yi a nan Japan, bari in faɗi abin da na sani. Zen reshe ne na addinin Buddha, daga Sin ya shigo nan. Babban malaminsu da aka fi ambata shi ne Dogen, an haife shi a 1200 ya rasu a 1253, shi ya kafa gidan ibadar Eiheiji a yankin Fukui, har yau ana horar da almajirai a can. Zamansu suna kiransa zazen. Mutum ya zauna ya miƙe baya, ido a ɗan buɗe yana kallon ƙasa, ya riƙa ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma. Da tunani ya ɗauke shi, sai ya koma ɗaya, ba tare da ya ji haushin kansa ba. Masu fara koyo ke nan.

Amma ni abin da ya fi kama hankalina ba zaman ba ne, yadda suka ɗauki aiki ne. A gidajen ibadarsu shara, goge daɓe, cire ciyawa da girki duk cikin horon suke, babba da yaro kowa na yi. A 1237 Dogen ya zauna ya rubuta wa mai dafa abincin gidan ibada jagora guda, har da yadda zai tsince tsakuwa daga shinkafa da idonsa da hannunsa, kada ya raina ganye don mai araha ne, kada kuma ya yi zumuɗi don an kawo kayan miya masu tsada. Manufar ita ce aikin da ke gabanka yanzu, shi za ka ba dukkan hankalinka. In zan ba ki shawara, wannan ɓangaren za ki ɗauka.

Malam Baban Sadiya:
Allah ya saka da alheri da ka fito fili ka ce addini ne, don wasu ɓoyewa suke yi. Hajiya, a raba abu biyu. Akwai aƙidarsu da sunkuya wa gunki da karatuttukan ibadarsu, wannan ba ruwan Musulmi da shi. Akwai kuma zama shiru da daidaita numfashi, wanda a fahimtata dabara ce ta jiki. Duk da haka ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa. Kuma kada mu manta da abin da ke hannunmu. Annabi (SAW) yakan ce wa Bilal ya ta da iƙama, ya hutar da su da salla. Allah ya ce da ambatonsa zukata ke natsuwa. Tambayata gare ki, azahar ɗin da kike yi a ofis, da natsuwa kike yin ta ko sauri kike kada layi ya taru?

Maman Ilham:
Wallahi Malam da sauri ne. Wani lokacin ina sujada ina jin hayaniyar kwastomomi.

Anti Nas:
Ƙanwata, kafin komai ki je a gwada miki hawan jini. Ciwon kai kullum da rashin barci ba abin da za a bar wa numfashi kaɗai ba ne. Mu a asibiti muna ganin masu shekara talatin da 'yan kai jininsu ya hau ba su sani ba.

Bayan haka, dabarar ba tatsuniya ba ce. Idan rai ya ɓaci jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, kafaɗu su ɗaure. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana sassauta bugun zuciya. Wani masanin kimiyya a Amurka, Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi koyo wurin malaman Zen, ya buɗe shiri a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979 don masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa. Ya cire ibadar ya bar horon, mako takwas ake yi, kuma asibitoci da yawa a duniya sun ɗauka. Ni ga yadda nake yi a aikin dare: duk sanda zan wanke hannu tsakanin mara lafiya da mara lafiya, nakan bar hankalina a kan ruwan da sabulun, in ja numfashi mai tsawo, sannan in nufi gado na gaba. Ke ma tsakanin kwastoma da kwastoma akwai ɗan wannan tazarar. Kada ki ɗauki faɗan na farko ki sauke wa na biyu.

Kawu Ɗanjuma:
Ni fa ina da ja. Ba na cewa ba shi da amfani, amma ku duba Japan ɗin da kanta. Ƙasar Zen ce, kuma ita ce ƙasar da mutuwa saboda yawan aiki ta zama matsalar da gwamnati ke ƙirgawa, suna kiranta karoshi. Sai da aka yi doka a 2018, ta fara aiki a 2019, aka ƙayyade aikin ƙarin lokaci a kan awa 45 a wata da 360 a shekara a yanayi na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Manyan kamfanoni na son waɗannan darussan natsuwar, Google ma ta fara nata tun 2007, don sun fi ɗaukar ƙarin ma'aikata araha. Idan aikin mutum uku aka ɗora miki, 'yata, ƙirga numfashi ba zai mayar da shi na mutum ɗaya ba. Ki yi numfashinki, amma ku haɗa kai ku nemi a tsara muku hutun rabin awa bi da bi.

Yayan Khalifa:
Gaskiya ne Kawu, ba na musu. Yawancin ma'aikatan da ke cika jirgin ƙasa da dare a nan ba su ma taɓa yin zazen ba, gidan ibada sai jana'iza ko sabuwar shekara. Sai dai mutumin da ya natsu ya fi iya tsayawa gaban oga ya faɗi buƙatarsa ba tare da murya na rawa ba.

Kawu Ɗanjuma:
To, wannan na yarda.

Inna Mai Ɗinki:
Ni ban san Japan ba, amma maganar mai girkin nan ta shige ni. Gab da sallah kaya kan taru min har rufi, waya na ta kuka, kowa na son nasa yau. Abin da ke cetona shi ne in juya wayar in kife ta, in ɗauko riga ɗaya, in manta akwai sauran. Idan ina yanka, yanka nake yi. Hannu biyu ba sa riƙe almakashi da waya lokaci guda, zuciya ma haka take. Kuma daɗin aikin a nan yake fitowa, sanda ka ga wuyan rigar ya zauna daidai. Ke ma 'yata, tsohuwar da ta zo karɓar fanshonta kika cike mata takarda kika yi mata bayani da Hausa, ai wani abu kika yi da ranarki. Ki riƙa lura da irin waɗannan.

Maman Ilham:
Inna kin sa na tuna wata baiwar Allah da ta yi ta sa min albarka jiya. Na gode ƙwarai. Yaya, zaman nan dole sai a ƙasa an naɗe ƙafa? Gwiwata ba ta so. Kuma minti nawa?

Yayan Khalifa:
A'a Anti, kujera ma ta isa, har gidajen ibadarsu na ajiye wa tsofaffi kujeru. Ki dai sa tafin ƙafa a ƙasa, kada ki jingina. Ki fara da minti biyar bayan asuba kafin yara su tashi, wayar na wani ɗaki. Za ki ga ba kya kai huɗu tunani ya sace ki, kowa haka yake yi, komawar ita ce horon. Akwai kuma na tafiya, kinhin, taku a hankali tare da numfashi. Thich Nhat Hanh, malamin Zen ɗan Biyetnam da ya rasu a 2022, ya yi fice wajen koyar da tafiya cikin natsuwa. Daga inda kika sauka a adaidaita zuwa ƙofar banki ya ishe ki.

Anti Nas:
Ƙari ɗaya. Wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali, wani lokacin zaman shiru kan taso masa da abin. In kin ji ƙirjinki na ƙara ƙunci, ki dakata ki ga likita. Shayi mai ƙarfi da kofi kuma ki daina su bayan la'asar.

Malam Baban Sadiya:
Ki roƙi abokiyar aikinki ta riƙe miki kanta minti goma lokacin azahar, ke ma ki riƙe mata in ta tashi.

Maman Ilham:
Zan yi mata magana gobe in sha Allah. Anti, gwajin jinin a kemis ma ana yi ko sai na je asibiti?

Anti Nas:
Kemis mai na'ura ya isa a karon farko. Ki zauna ki huta minti biyar kafin a ɗaura miki, a gwada sau biyu, ki rubuta lambobin. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ki je asibiti cikin satin nan.