Lambu ko renon zogale? Yara 78, jika 25, makaranta ba katanga

Malama Hadiza, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai da iyayen yara. Shawara nake nema. Ajin CM1, wato aji biyar na firamare a nan Kamaru, ke hannuna a wata makarantar gwamnati a bayan gari, ta hanyar Pitowa, yara 78. APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, ta ware mini jika 25, wato faran CFA 25,000, don aikin hannu na wannan zangon, direkta kuma yana son a samu abin nunawa a makon matasa, kafin 11 ga Fabrairu. Saura mako biyar ke nan. Makarantar ba katanga, ba rijiya. Foraj ɗin unguwa, wato famfon burtsatse, yana da nisan kamar mita 300, kuma da safe layin mata ne a kansa. Abu biyu nake juyawa a raina: ko mu yi lambu mai fangali shida, kowace ƙungiya ta yara 13 da nata, ko kowane yaro ya reni zogale a leda, ƙarshen zango ya kai gida. So nake aikin ya shiga darasin lissafi da na kimiyya, kada ya tsaya a ɗaukar hoto. Wanne zai yiwu da wannan kuɗin da wannan ruwan?

Malam Sule, Ngaundere:
Wa alaikumus salam Malama. Ki yi musu haɗin wutar batir, CM1 suna son sa ƙwarai. Kowace ƙungiya tana bukatar batir biyu na tocila masu bolt 1.5, waya rabin mita, ƙwan LED fari, ƙusa biyu da guntun kwali. Ana iya ciro ƙwan daga matattun tociloli a wurin masu gyara. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa kan batir mai alamar tarawa, in aka juya ba zai kama ba, kuma a nan yara ke cewa ƙwan ya mutu. A kankare bakin waya sai jan ƙarfen ya fito. Kada a bar waya ɗaya ta haɗa kai da gindin batir ba ƙwai a tsakani, batirin zai yi zafi ya ƙare nan take. A ja musu kunne sosai cewa wutar gida 220 ce, ba a gwada wannan da ita.

Maman Fadila:
Malam Sule, zogale da lambu ta tambaya fa.

Alhaji Bappa mai lambu, bakin Binuwai:
Malama, fara da lissafin ruwa, shi zai yanke miki hukunci. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, a rani kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 6 a rana. Fangali shida murabba'i 18 ke nan, kusan lita 100 kullum, bidon huɗu zuwa biyar na lita 25, har Asabar da Lahadi. In Maris ya shigo kuma sai an ƙara. Zogale ɗari a leda kuwa, bidon ɗaya ya ishe su a rana, wani lokaci ma kwana biyu.

In dai lambun ne a ranki, to alayyafo kaɗai zai cim ma 11 ga Fabrairu. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, a fara cira bayan mako huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa cokali ɗaya da yashi cikin gwangwanin madara kafin a watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe ya yi siriri. Fangalin a yi shi a nutse, da kunya a gefe, don ruwa ya zauna. Kuɓewa ba ta son sanyin Janairu. Tumatir da albasa ki manta da su bana.

Baba Umaru, Gidar:
Malama, don Allah kada ki taɓa lambu a makarantar da ba katanga. Ga yadda ta kasance a makarantar unguwarmu, ina cikin kwamitin iyaye lokacin. An karɓi dala ɗari-ɗari a hannun iyaye ban da kuɗin APEE. Aka sayi zana goma sha huɗu aka kewaye, aka kafa dirkoki ɗanyu ba a ƙona gindinsu ba. Aka zuba kashin shanu ɗanye a fangali saboda ana sauri. Ɗanyen taki ya ƙone dashen farko cikin mako guda, ya kuma jawo gara, garar ta bi dirkoki ta hau zana. Aka sake sayen irin tumatir, aka dasa ƙarshen Janairu. Ya yi ganye shar, kowa na murna, ya fara fure a Maris daidai lokacin da zafi ya haura 40, furen ya riƙa zubewa ba ɗa. Sai hutun zango na biyu ya zo, mako biyu ba wanda aka ɗora wa ban-ruwa. Ranar komawa zana uku sun faɗi, awaki sun gama da sauran.

Abin da ya fi ciwo shi ne taron iyaye. Ba wanda ya tambayi me ya kashe tumatir, kuɗi kawai ake tambaya. Ba a riƙe rasit ba saboda a kasuwar ƙauye aka sayi zana da dirkoki. Aka ce an ci kuɗin yara. Malamin ajin, wanda iyaye ne ma ke biyansa, ya bar makarantar da baƙin ciki, mutumin da ko sisi bai taɓa ba. Har yau in aka ambaci aikin hannu a taro sai mutane su tashi.

Malama Hadiza, Garwa:
Innalillahi. Allah ya kyauta, Baba. Zana nawa-nawa kuka saya?

Baba Umaru, Gidar:
Jika ɗaya da rabi kowace.

Alhaji Bappa mai lambu:
An tsuga muku. Zana bayan damina dala ɗari da hamsin ce, in ka sayi da yawa ma a rage maka.

Maman Fadila:
Alhaji, wace kasuwa ce wannan? Cikin Garwa jika biyu na ga ana sayarwa, kuma ba mai kauri ba.

Abba Kuseri:
Masu lissafi da dala ku riƙa fassara mana, kada Malama ta je kasuwa da faran 150 ta ce a ba ta zana, mai zana ya bi ta da sanda 😄

Alhaji Bappa mai lambu:
750 ke nan, yaro. Kuma na ce bayan damina, ba Janairu ba.

Injiniya Musa, Marwa:
Ni ma'aikacin gona ne, bari in gyara wasu abubuwa. Abin da ya kashe lambun su Baba Umaru kuskure uku ne da za a iya kauce musu: ɗanyen taki, dashen tumatir a makare, da rashin mai ban-ruwa a hutu. Ba laifin lambu ba ne. Amma da yanayin da Malama ta bayyana, zogale na zaɓa mata.

Ga yadda ake yi. Ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Takin da ya nuna baƙi ne, ba ya wari, ba ya ɗumi in ka tura hannu. Ledar reno baƙa ko gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi da aka yanke wuyanta, a huda gindi wuri huɗu ko biyar. Iri biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 2. Kafin a shuka a gwada irin: ƙwaya goma a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako guda, in ƙasa da bakwai suka tsaga a nemi wani. Wannan gwajin kansa darasin kaso ne. Zogale yana fitowa tsakanin kwana bakwai da sha huɗu, da sanyin hunturu yakan ɗan jinkirta. Abin da ya fi kashe shi a hannun yara yawan ruwa ne, kowa na son ya shayar da nasa, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya. A sa doka: sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Ki yi leda 100, ba 78 ba, don yaron da nasa ya mutu ya samu madadi.

Malam Garba, tsohon direkta:
Injiniya, duk abin da ka faɗa noma ne, ita kuwa malama ce. Tun manhajar 2018 ma'aikatar ilimin firamare ta ce a koyar ta hanyar aikin da yara za su tsara su aiwatar, a ɗaure shi da jigon wata. Sufeto in ya zo ba tsayin zogale zai duba ba, kayen yara, wato littafin rubutunsu, zai buɗe. Kowace ƙungiya ta samu kaye guda: ranar shuka, ranar tsiro, awon tsayi da rula duk Litinin da Alhamis, ruwan da aka zuba. Daga nan a fitar da jadawali da zanen girma a allo. A ware leda goma sha biyu don gwaji: huɗu a inuwa, huɗu a rana, huɗu ba taki, yara su fara faɗin abin da suke zato kafin su gani. Ta fuskar lissafi kuwa lambu ya fi, domin kewaye da faɗin fili suna cikin darasin CM1 kuma suna fitowa a CEP, jarrabawar kammala firamare. Yaron da ya auna fangali da igiya da hannunsa ba ya sake rikita su.

Alhaji Bappa mai lambu:
Ranka ya daɗe, kaye ba ya korar akuya. Ku masu takarda kuna tsarawa a ofis, mu muke sanin abin da ƙasa ke karɓa.

Malam Garba, tsohon direkta:
Alhaji, ban raina saninka ba. Amma kai ba ka taɓa tsayawa gaban yara 78 da kwasa uku ba. In ba a raba aiki a rubuce ba, biyar ne za su yi, saura su yi jifa da hoge.

Injiniya Musa, Marwa:
Ku duka kuna da gaskiya. Awon fili ai ana iya yin sa a kan wurin da za a jera ledojin: mita 1 a mita 2 zai ɗauki ɗari. Wannan ɗan wurin ƙaya ta isa ta kare shi, ko a jera su cikin kwandon roba a shigar aji da yamma.

Abba Kuseri:
Akuyar unguwa dai ita ce ɗalibar da ba ta fashi, ko ranar Lahadi tana zuwa 😄

Baba Umaru, Gidar:
Abba, ba abin dariya ba ne. Kuma shigarwa aji da ake faɗa, ajin yana da ƙofa? Namu ba shi da ita. Ina sake faɗa, duk abin da za ki saya ki je da mutum biyu na kwamiti, a rubuta a sa hannu, ko igiyar dala biyar ce.

Maman Fadila:
Bari in kawo ta gefen iyaye. Bidon na lita 25 kilo 25 ne, yaron shekara tara ko goma ba zai ɗauke shi mita 300 ba. Kuma mun san wa ake turawa ɗibar ruwa, 'yan mata. Su a foraj, maza a aji. In za a yi, a yi da galan na lita 5, a jujjuya tsakanin maza da mata, ko a biya mai kura. Nan unguwarmu bidon faran 50 ne.

Malam Sule, Ngaundere:
25 ne a wurinmu.

Maman Fadila:
Ku ai ruwa ya ishe ku, Malam. A Afrilu har 100 muke saya.

Malama Hadiza, Garwa:
In na ɗauki 50, bidon biyar kullum jika ɗaya da 750 ke nan a mako. Mako goma ya cinye jika 17 da rabi, ban sayi zana ko arozuwar, wato butar ban-ruwa, ba. To arozuwar nawa take yanzu?

Alhaji Bappa mai lambu:
Ta roba jika uku da rabi. Amma gwangwanin tumatir babba da aka huda gindinsa da ƙusa yana yin aikin. Don Asabar da Lahadi kuma, a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar fangali, a cika a rufe bakinsa, zai riƙa tsatsafowa a hankali.

Injiniya Musa, Marwa:
Jika shida na gani a shagon kayan gona. Tulun kuma abin da ke kusa da shi kawai yake jiƙawa, kamar taku ɗaya, ba zai riƙe fangali mai mita 3 ba sai an binne biyu ko uku.

Malam Yakubu, Mokolo:
Ni abin da ke damuna daban ne. Me ya sa kuɗin aikin da manhaja ta wajabta zai fito daga aljihun APEE? Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce. Kayan aiki na farkon shekara da ake kira paquet minimum sau da yawa sai an yi nisa da karatu suke isowa, kuma alli ne da rajista da 'yan biro, babu iri, babu kwasa. Jika 25 ɗin nan da aka ba Malama, a wasu makarantun ya kai abin da ake ba malamin iyaye a wata, shi ma ba kullum yake samu kan lokaci ba.

Maman Fadila:
Ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ga kuma wani abu: da sunan aikin hannu ake kwasar yara a kai su cirar gyaɗa ko tsinkar auduga a gonar wani malami. Shi ya sa iyaye da sun ji kalmar lambu sai gabansu ya faɗi. A gaya mana tun farko, abin da aka shuka wa zai ci, in an sayar kuɗin ina za shi.

Malam Garba, tsohon direkta:
Hajiya, kada a yi wa malamai kuɗin goro. Masu yin haka suna nan, amma ba su ne da yawa ba, kuma wanda ya gani ya kai ƙara wurin sufeto. Malamin iyaye da ya yi wata uku ba a biya shi ba fa, wa ya kai tasa ƙarar?

Malam Yakubu, Mokolo:
Kwamitin ne ai ke riƙe kuɗin, ranka ya daɗe. Ku tambayi ma'aji.

Baba Umaru, Gidar:
Ma'aji ba ya ƙirƙirar kuɗi. Cikin iyaye ɗari, nawa ne suke biya kafin Disamba? Sai an sayar da auduga ko gyaɗa.

Malama Hadiza, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta fi karkata ga zogale, wataƙila da fangali ɗaya na alayyafo don awo. Sai dai ajina ma ƙofarsa ba ta kulluwa. Injiniya, irin zogalen na kasuwa zan saya ko in sa yara su tsinko busassun kwanso daga gida? Kuma in suka kai mako biyar a gora, saiwar ba za ta naɗe ba?

Malam Yakubu, Mokolo:
Baba Umaru, to a riƙa karanta lissafin APEE a gaban kowa duk ƙarshen zango mana. Ku a Gidar sau nawa kuke yi a shekara?