Labari muke rubutawa ko wa'azi?

Buba: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Marubuci zai kwashe babi 28 yana gina yarinya mai ƙin auren dole, ya ba ta hujja, ya ba ta zuciya. A babi na 29 sai ya jefo mata haɗarin mota, a na 30 ta durƙusa tana tuba. Wannan tuban ba daga halinta ya fito ba, daga tsoron bakin mutane ya fito. Labaranmu sun koma wa'azi!

Malam Altine: Buba, janye wagga kalma. Sakkwato kake. Waƙar wa'azi tana da gininta: a buɗe da yabon Allah da salati, a yi gargaɗi kan duniya, a taho ga mutuwa, kwancin kabari, hisabi, wuta da aljanna, a rufe da addu'a. Kowane baiti da amsa-amonai, in ma'auni ya karye kunne zai ji. Wanga aiki kake kira aibi?

Hajiya Inno: Kuma wa ya ce maka wa'azi bin jama'a ne? Shehu da kansa ya soki malaman da sunka bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jaji, wato jagorar matan, malfa, jaji ta koma ƙauye da waƙoƙi tana koya wa mata. Al'ada sunka saɓa, ɗana.

Buba: Hajiya, ƙagaggen labari nake nufi, ban taɓa waƙa ba.

Malam Altine: Kalma dai ka riga ka faɗa.

Nura: Yaya Buba na da gaskiya a wajen gini. In ana so tuba ya zauna, tun a kashi ɗaya cikin uku na farko ake shuka kokwanto a ran yarinyar. A bai wa uban hujja ta gaske, kamar bashi ko alkawarin zumunci, kada ya zama mugu kawai. Sannan duk abin da ta zaɓa, ta rasa wani abu mai daraja. In babu waɗannan, mai karatu zai ga hannun marubuci yana tura ta.

Malam Altine: Wanga ciwo daga Kano ya taho muna, shi ya sa anka ce da shi adabin kasuwar Kano.

Rabi: Allah gafarta Malam, Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya yayata sunan, kuma an daɗe ana ja da shi. Marubuta matan nan na Kano da ake rainawa su suka fito da zancen auren dole da karatun 'ya mace fili, irin su Balaraba Ramat Yakubu a 1990. An kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001, daga baya ta kai ga littattafai, a 2007 har ƙona wasu aka yi. Wanda ya ga haka dole ya sa babin tuba.

Hajiya Inno: To da bakinki kin ce tsoro ne, ba tarbiyya ba.

Rabi: Hajiya, a nan wa yake buga littafin balle a ƙona?

Nura: Anti Rabi, wannan kuma gori ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yaye manazarta adabi da yawa.

Rabi: Nazari daban, rubutu daban.

Buba: Ba wanda ya amsa maganar babi na 29.

Malam Altine: A matsayina na shugaban zaure, ga abin da munka fahimta. An tabbatar da wa'azi ginshiƙin adabinmu ne, hujjar Hajiya ba ta samu mai ture ta ba. Buba ya yi kuskuren kalma. Rabi ta amsa cewa matsalar ta Kano ce. Shawarar Nura mai amfani ce ga masu son gyara babin tuba. An rufe muhawara.