Me za mu kira "kill off" da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, ana neman kalma. Turawa kan ce "kill off" idan marubuci ya kashe babban jarumi a cikin labarin shiri mai dogon zango. In muka rubuta "an kashe jarumin", mai karatu sai ya yi salati, ya ɗauka ɗan wasan ne ya rasu da gaske.

Marubuciya: Malam, ni na fi son "kisan alƙalami". Da jin sa ka san a takarda aka yi shi. Kuma yana da ƙa'ida, musamman a shirin 'yan sanda da 'yan daba. Ana shuka sanadin tun kashi uku ko huɗu baya, a nuna gawar ƙarara, sannan a nuna wanda ya gaji binciken. In ba a ga gawa ba, 'yan kallo ba sa yarda, sai su yi ta jiran ya dawo. Dubi Omar, ɗan fashin da ke cikin shirin 'yan sandan Amurka The Wire, zango na 5, 2008. Ya shiga kanti sayen sigari, ƙaramin yaro ya harbe shi a ka. Ba kiɗa, ba kalaman ban kwana. Jaridar garin ko layi ɗaya ba ta ba shi ba, a mutuware kuma aka musanya takardar sunansa da ta wata gawa.

Edita: Hajiya, na yarda, amma akwai inda ajali ke riga marubuci. Mark McManus, mai fitowa a ɗan sanda Taggart a shirin Scotland mai wannan suna, ya rasu a 1994, aka yi wa Taggart jana'iza a cikin shirin a 1995, aka ci gaba da shirin da sunansa har 2010. Nancy Marchand, mai fitowa a mahaifiyar babban jarumin shirin Amurka The Sopranos, ta rasu a 2000, masu shirin suka ɗora fuskarta kan jikin wata da kwamfuta, suka tsinto tsofaffin kalamanta suka jona. Amsoshinta ba su hau kan maganar ɗanta ba, ido kuma ba ya raina irin wannan ɗinki. Kalmar kisa ta yi nauyi a kan mamaci. Ina ganin "rakiyar alƙalami": mutum ya riga ya tafi, labarin ya taka masa.

Mai fassara: Wanda ya ajiye aiki da ransa fa, kamar mai fitowa a Kate a shirin binciken laifi na Amurka NCIS, inda aka harbe Kate a cikin labarin a 2005?

Marubuciya: Kisa ne, tunda suna iya cewa an yi mata canjin wurin aiki, suka zaɓi harsashi. A rubuta: an yi wa Kate kisan alƙalami, an yi wa Taggart rakiyar alƙalami.