Mako uku da haihuwa: in fara motsa jikin rage tumbi ko in jira?

Sabuwar Mai Jego:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau makona uku da sauka, da kaina na haihu, ba tiyata ba. Cikin bai koma ba, kuma in na yi tari ko atishawa sai fitsari ya ɗan zubo. Me zan fara yi?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Barka da sauka, Allah ya raya. Ƙanwata, ajiye batun tumbi tukuna, ita kanta mahaifa sai ta yi kusan mako 6 kafin ta koma yadda take. Fitsarin nan shi ne abin fara gyarawa. Naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa daga ƙasa ne ya saki.

Ki kwanta, ki matse wurin kamar mai riƙe fitsari da iska lokaci guda, ki ja shi sama, ki ƙirga 5, sannan ki sake shi sarai ki huta na ƙirga 5. Sau 10, safe da rana da dare. In ya fara ƙarfi ki kai ƙirgan 10. Inda ake kuskure shi ne riƙe numfashi, ko matse cinya da mazaunai a bar ainihin wurin. Kuma kada ki riƙa gwadawa kina tsakiyar fitsari, yana hana mafitsara juye duk abin da ke cikinta. Yakan ɗauki kamar wata 3 kafin a ga canji sosai.

Likitar Fisiyo:
Aikina fisiyo ne, wato gyaran jiki ta hanyar motsa jiki. Kafin komai ki duba cikinki. Kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki sa yatsu a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai. Ramin da za ki ji a tsakiya rabuwar naman ciki ce da goyon ciki ya jawo. In ya wuce faɗin yatsu biyu bayan mako 8, a je a duba ki. Kafin nan banda motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune, yana turo cikin waje ya hana ramin haɗewa. Ko tashi daga gado, ki fara juyawa gefe.

Tafiya ta ishe ki yanzu, minti 10 a rana, ki riƙa ƙarawa a hankali. Gudu da tsalle sai bayan mako 12. In jinin biƙi ya ƙaru ko ya dawo ja jawur, kin wuce gona da iri, ki rage.

Sabuwar Mai Jego:
Na gode ƙwarai. Anti, bel ɗin ɗaure ciki fa?

Likitar Fisiyo:
Yana tallafar baya, amma ba ya ƙarfafa nama, ba ya narkar da kitse. In aka tamke shi da yawa, ƙasa yake danna nauyin, zubar fitsarin ta ƙaru. Ki sa shi sako-sako, ki cire in za ki kwanta.

Ungozoma:
Don Allah ki riƙe wannan: jinin da ke jiƙe audugar mata cikin awa ɗaya, zazzaɓi, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ba a kwana da su a gida. Asibiti nan take.