Neman shawara: yaya zan yi da baƙin man da ke taruwa bayan juye?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni bakanike ne, kuma a duk mako ina yi wa motoci da janaretoci juye, har ta kai yanzu ina da durom biyu cike da baƙin mai a bayan gareji. Da can yarana suna tuttular da shi a kwata, amma na hana tun ranar da na ga yadda yake shimfiɗuwa a saman ruwa yana ƙyalli, ga kuma gefen kwatar da ko ciyawa ta daina fitowa. Wasu suna zuwa neman sa don su yayyafa a hanya ya kashe ƙura, wasu kuma don su shafa wa katako saboda gara. Shin in ci gaba da ba su, ko akwai hanyar da ta fi dacewa?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka hana zubarwa, amma ina roƙonka ka daina bai wa masu kashe ƙura, domin abin da aka zuba a hanya, ruwan sama ne zai kwashe shi zuwa rafi ko ya nutsar da shi har ya riski rijiya. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, da ƙarafa masu guba irin su dalma, da sinadaran da ƙonewar fetur ke bari, waɗanda wasunsu ke haddasa ciwon daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya kacal zai iya gurɓata ruwa galan miliyan 1. A can ma an ga illar yayyafa shi: a garin Times Beach na jihar Missouri an riƙa fesa tsohon mai a tituna a shekarun 1970 don kashe ƙura, ashe an gauraya shi da gubar dioxin, kuma a 1983 gwamnati ta yanke shawarar sayen garin baki ɗaya aka kwashe mutanensa.

Amsa ta biyu:
Ni abin da nake so ka gane, ɗan'uwa, shi ne cewa dukiya ce a cikin durom ɗinka. Asalin man ba ya mutuwa. Datti yake ɗauka, sinadaran da aka ƙara masa kuma su ƙare. A matatar da ke sake tace shi, ana fara dumama shi a raba shi da ruwa da ragowar fetur, sannan a tururar da shi a tukunyar da aka zuƙe iskarta don mai kyau ya tashi ya bar diddiga, daga nan a wanke shi da iskar haidirojin har ya dawo kamar sabo. Galan 1 na baƙin mai yana ba da kimanin lita 2.4 na man inji, adadin da sai an tace ganga guda ta ɗanyen mai, wato galan 42, kafin a samu. Saboda haka ka nemi masu tattarawa da ke da izinin hukumar muhalli, kuma ka tambaye su inda suke kai shi, domin akwai masu tace shi sama-sama da tsumma su ɗura a jarka su sayar a matsayin sabo, ya je ya kashe injin wani bawan Allah.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Amma ɗaya daga cikin durom ɗin yara sun zuba masa man burki da ruwan lagireto. Wannan ba gara in ƙone shi ba?

Amsa ta uku:
Kada ka ƙone shi a fili, Malam, domin baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da gubar zuwa huhun yaranka da maƙwabta. Inda ake ƙona shi yadda ya kamata shi ne murhun masana'antar siminti, wanda zafinsa ke kaiwa maki 1,450 a ma'aunin Selsiyas. Ka ware wannan durom ɗin, ka rubuta a jikinsa abin da ke ciki, kuma ka gaya wa masu ɗauka gaskiya, domin gauraye ɗaya yakan ɓata tanki guda. Daga yau ka keɓe mazurari da durom mai murfi don baƙin mai kaɗai, a ƙarƙashin rumfa kuma a kan daɓen siminti. Tsohuwar filta ma ka huda ta, ka kife ta ta kwana tana tsiyaya kafin ka kai ta wurin ƙarafa. Idan ya zube a ƙasa, garin katako ko yashi za ka barbaɗa ka kwashe cikin buhu, ba ruwa za ka kwarara ba. Yaran kuma ka saya musu safar hannu, su daina wanke hannu da fetur.